Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Kiwon Murjani

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bari in fara da kuɗin wata, tunda shi ya fi cin raina. Waɗanda suka biya cikakke bana ba su kai rabinmu ba. Na kira, na tura saƙo, wasu har shago na bi su, amsar ɗaya ce: "Sakatare, sai ƙarshen wata." To masu tambayar ina injin tace ruwan da muka ce za mu saya na haɗin gwiwa, ga amsarku: kuɗin bai cika ba, da ya kusa cika kuma dala ta tashi ta bar mu. Ba a ci ko sisi ba, littafi na hannun ma'aji ga mai son dubawa. Odar gishirin teku ta bai ɗaya ma nan ta maƙale.

Tarukan wata an yi su, sai na azumi da muka ɗage.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne ranar gwajin ruwa da muka yi cikin hunturu. Kowa ya zo da ruwan tankin da yake kiwon murjaninsa (halittar teku mai rai) a gora, muka jera a tebur. Babban yayanmu, Allah ya saka masa, ya tuna mana cewa ruwan teku kalsiyam ɗinsa wajen 420 ppm ne (wato kashi cikin miliyan), alkaliniti (ƙarfin ruwa na kashe tsami, ana auna shi da dKH) wajen 7 dKH, magnesiyam kusan 1300. Murjani mai ƙashi irin su Acropora da Montipora tare yake cin biyun farko: duk 1 dKH da ya tafi, kalsiyam wajen 7 ppm ya bi shi. Ɗaya cikin 7 babban gibi ne, 7 cikin 420 kuwa ba a ko lura; shi ya sa alkaliniti ke fara faɗuwa alhali kalsiyam na nuna lafiya lau, kuma shi ya kamata a fi yawan aunawa.

Sai ya zuba ruwan kalsiyam kulorayid da muke ƙara kalsiyam da shi, da na garin soda da muke ƙara alkaliniti da shi, a kofi guda. Nan take ya yi fari fat kamar nono, gari ya kwanta a ƙasa. Ɗakin ya yi tsit, don da yawanmu haka muke juye su a tanki lokaci ɗaya, sannan mu ce magani jabu ne. A raba lokacinsu, a zuba inda ruwa ke gudu, kada a ɗaga alkaliniti fiye da 1 dKH a rana.

A ranar muka gano abin da ke ƙona kan murjanin masu haɗa kalk (garin kalsiyam haidroksayid) a ruwan ciko, wato ruwan da ake mayar da wanda ya ƙafe. Iskar hunturu busasshiya ce, tanki na ƙafewa da sauri, ciko ya ƙaru, kalk ya ƙaru, alkaliniti ya haura ba wanda ya taɓa komai. Haka za a gani a bazara in an kunna fanka a kan ruwa. Wanda ya gwada kanwa kuwa, ba zan faɗi suna ba, ya dai yi alkawarin bar wa miya kayanta.

Abin haushin, waɗanda ba su zo ba su ne ke turo hoton murjani ya yi fari da tsakar dare, wai "me ya faru?" In ka tambayi awon ruwansu, shiru.

Wanda ma'aunin gishirin ƙungiya ke hannunsa tun damina ya dawo da shi taro mai zuwa. A zo da bashin kuɗin wata. Za a yi zaɓe ranar, kuma ku nemo wani sakataren, ni dai na huta.

Wassalam,
Sakatare