Godiya ga masu shagon jeotgal na kasuwar Ganggyeong

Zuwa ga Sajangnim, wato mai shago, da ma'aikatan shagonta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne don 'yan'uwana Hausawa da ke karatu ko aiki a Koriya ta Kudu su san inda za su nufa idan kimjang ya ƙarato, wato ƙarshen kaka, lokacin da iyalai ke taruwa su haɗa kimchin hunturu, wato kayan lambu irin su kabeji da ake tsimawa da gishiri da yaji. UNESCO ta sa wannan al'ada cikin gadon ɗan'adam a 2013, garinku na Ganggyeong da ke Nonsan kuwa ya daɗe da yin suna wajen jeotgal, wato kifi da jatan landen da ake tsimawa a gishiri.

Sajangnim, ba ki gaji da tambayoyina ba. Kika ɗebo myeolchi aekjeot, ruwan tsimammen ƙaramin kifin anchovy, a ɗan cokali, ja-ja mai ƙarfin ƙamshi, kika ce shi ne na kimchin kabejin da zai daɗe a ajiye. Sannan kika ɗanɗana mini kkanari, aekjeot na wani siririn kifi, wanda ƙarninsa bai kai na farko ba, ya fi dacewa da miya da ganyen da aka sulala. A girkinku aikin daddawa suke yi, kaɗan ake sawa amma in babu sai an gane.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun ɗiyata, wadda jikinta ba ya karɓar jatan lande. Ina faɗa kika ture saeujeot, tsimammen jatan lande, gefe, har da yukjeot, nau'insa mai tsada da ake kamawa a wata na 6 na kalandar gargajiyarku, kika ce in ƙara kkanari a madadinsa in rage gishiri. Kin bar ciniki mai tsoka saboda lafiyar yarinyar da ba ki taɓa gani ba.

Da na tambayi abin yi idan aekjeot ya ƙare, kika ce guk-ganjang, ruwan waken suya na miya, zai riƙe, ruwan kifi na Tailan ma zai yi, sai dai a lura wasu suna da sukari. Kika sa tabarau kika bi rubutun kwalaben ɗaya bayan ɗaya kina neman kalmar jujeong, sinadarin barasa da ake sawa a wasu, domin kin san mu Musulmi ne. Wadda aka sa wa shi kika mayar kan kanta ba tare da ɓata rai ba.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Taki,
Wata ɗaliba 'yar Kano da ke zaune a Daejeon