Kabewa ta miya ce, a ba yara ƙwarya su yi fitila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ke kunno kai duk ƙarshen watan Oktoba, wato bikin nan na Turawa da ake ce ma Halowin. Yaranmu na ganinsa a TikTok da Facebook, ana fafe kabewa a yanka mata ido da hanci da haƙora a kunna kyandir a ciki, a kafa ƙwarangwal na roba da kaburburan kwali a ƙofar gida, toh yanzu abun ya kai yara nan Zariya sun fara matsa ma iyaye wai su ma a sayo masu kabewa su yi irin nasu. Ni uwa ce kuma nawa ma sun tambaya, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Da yawanmu ba mu ma san daga ina abun ya fito ba. Asalinsa tsohuwar al'adar mutanen Ayilan da Sikotlan ce tun kafin Kiristanci ya je masu, suna bikin ƙarshen kaka da shigowar sanyi, kuma sun yi imani a wannan daren ruhohin matattu na dawowa yawo cikin mutane. Daga baya coci ta sa 1 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da waliyyai, sai daren 31 ga Oktoba ya zama jajiberinta. A can ma ba kabewa suke fafewa ba, wani tushe ne mai tauri da ake tonowa a ƙasa, kabewar sai da 'yan Ayilan suka kwarara Amurka, musamman lokacin yunwar da ta afka masu daga 1845 da cuta ta cinye masu dankali, suka tarar da ita can ga girma ga sauƙin yanka.

Gaskiya akwai abun da ya burge ni a bidiyoyin nan, ba zan ɓoye ba. Za ka ga uba da uwa da yara har da kaka sun zauna a tebur ɗaya, hannu duk ya ɓaci, wannan na kwashe 'ya'yan kabewa da cokali wancan na zana fuska, ba mai riƙe da waya sai mai ɗaukan hoton. Wannan zaman shi ne ya yi ƙaranci a gidajenmu wallahi. Amma kabari da farin ƙyalle da ake ratayewa a bishiya a ce fatalwa ce, ni dai ban ga yanda za a yi ya zama ado a ƙofar gidan Bahaushe ba, mu da muke ganin likkafani da idonmu ana fita da namu a makara. Ko maƙwabtanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari ban taso na ga suna yi ba. Sannan ita kabewar, a wannan tsadar, guda ɗaya za ta yi ma gida miyar taushe har a miƙa ma maƙwabta, ta yaya za a huda ta a ajiye a waje? Da zafin ranarmu kwana kaɗan za ta yi laushi ta fara wari ƙuda na binta, shikenan an yi almubazzaranci.

Abun da yaro ke so a ciki bai wuce ya ƙera abu da hannunsa ba, dare ya yi a kunna ya ga yana haske. Kuma muna da abun yi da ya fi kabewa, wato duma, wanda masana suka ce asalinsa ma Afirka ne. Ke uwa, ki samu tsohuwar ƙwarya ko gora da ta tsage wacce ba ta riƙe ruwa, ki ba yaro gawayi ya zana abun da yake so a bayanta, tauraro ne, wata ne, dagin Arewa ne, ko sunansa. Sai babba ya kama ƙusa da filaya ya sa a garwashi ta yi ja, ya dinga bin zanen yana hudawa ɗaya bayan ɗaya, za ki ji ƙaurin nan na ƙonannen duma yana tashi, yaran na ƙirga ramukan suna gardamar inda za a huda na gaba. In an gama a kife ta kan ƙaramar tocila mai caji, sai hasken ya fantsama a bango ɗigo-ɗigo. Dan Allah banda kyandir, lokacin hunturu ne ke shigowa, ga zana ga kara duk a bushe, kuma wuƙa da ƙusa mai zafi hannun babba kawai. Irin wannan fitilar in an adana sai ta shekara da shekaru.

In kuma abun tsoro suke so ai muna da mutum-mutumin gona. Yanzu kaka ce, kara na nan zube a gonakin hanyar Shika da Basawa, a gicciya sanda biyu a ɗaure, a zura tsohuwar riga a cusa mata ciyawa, a kifa malafa a kai. Manoma na yinsa don korar tsuntsu tun kaka da kakanni, ko a lambun bayan gida aka kafa shi zai yi aiki.

Kuma fa, kamar yanda suke yi a Halowin, mu ma muna da lokacinmu na shigar burtu da bin gida-gida, shi ne tashe, daga goma ga azumi. Da kanmu muke haɗa komai, gemun auduga na mai wasan tsoho, dokin kara, gangar gwangwani, a bi unguwa ana ba mu hatsi ko 'yan kuɗi. Yau a unguwanni da yawa sai azumi ya wuce ba ka ji ko ganga ɗaya ba, wasu iyayen na tsoron fitar dare ne kuma suna da gaskiyarsu, amma ai ana iya yi da wuri a cikin layi manya na zaune suna kallo.

Roƙona gare ku Edita, ku tura wakilinku wajen masu sayar da ƙwarya a kasuwar cikin birni da ta Sabon Gari, ya nemo waɗanda suka rage cikin masu zanen ƙwarya ya zauna da su, a buga mana da hotuna yanda ake yi daki-daki. Malaman firamare kuma in lokacin aikin hannu ya zo su daina karɓar tsintsiyar da aka sayo a kasuwa a matsayin aikin yaro, su sa a zo da kara da tsohuwar ƙwarya a yi a aji a gabansu.

Na gode.

Taku,
Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya