Amsa ga wanda ya tambaye ni game da Guillermo Rigondeaux

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayar da ka yi mini a bainar jama'a ta iso gare ni, kuma tun da a gaban mutane ka yi ta, ya dace amsar ma ta zo a gabansu. Ka ce ka sha jin ina kuranta Guillermo Rigondeaux na ƙasar Kyuba a matsayin ɗaya daga cikin gwanayen damben boksin na zamaninmu, sannan ka tambaya: in haka ne, me ya sa da ya shiga damben ƙwararru 'yan kallo suka riƙa ficewa daga zaure yana tsakiyar wasa, kuma me ya sa ya zauna a kan kujera ya ƙi tashi a gaban Vasiliy Lomachenko, ɗan damben ƙasar Yukren? Ka rufe da cewa wataƙila zinaren Olamfik ɗin da muke ta yabo wasan yara ne. Abubuwa biyu na farko duk sun faru, ba zan musa maka ba. Hukuncin da ka yanke a kansu ne ban yarda da shi ba.

Kalmar da muke amfani da ita ta damben 'yan dagaji tana ruɗar mutane idan ana maganar Kyuba. Tun farkon shekarun 1960 gwamnatin Fidel Castro ta haramta wasa don kuɗi, saboda haka, har zuwa 2022, ɗan damben ƙasar ba shi da wani mataki da zai hau bayan Olamfik, nan ne ƙololuwar sana'arsa. Hukuma ce ke zaƙulo yara tun suna ƙanana, ta sa su a makarantun wasanni, waɗanda suka yi fice kuma su ƙare a sansanin ƙasa da ake kira La Finca a bayan birnin Havana, inda Alcides Sagarra ya shafe shekaru da dama yana horarwa. Daga wannan tsari Teófilo Stevenson ya fito ya ci zinare uku, a 1972 da 1976 da 1980, Félix Savón ma ya ci uku, a 1992 da 1996 da 2000. Mutumin da ba shi da wani aiki sai dambe safe da yamma har shekara goma sha biyar, da wuya a kira shi ɗan koyo.

An haifi Rigondeaux a ranar 30 ga Satumba, 1980, a lardin Santiago da ke gabashin ƙasar. Bahago ne, kuma a ajin kilo 54 ya yi damben ƙasa. Ya ci zinaren Olamfik na Sidni a shekarar 2000, a ranar da ya cika shekara 20 da haihuwa, ya sake ci a Atens a 2004. Ya zama zakaran duniya na 'yan dagaji a Belfast a 2001, ya maimaita a Mianyang ta ƙasar Sin a 2005, kuma ya riƙe kambun Kyuba shekara bakwai a jere, wanda a wajen masu sanin damben ƙasar ba ƙaramin aiki ba ne, domin na biyu a Kyuba kan iya zama na ɗaya a duniya. Laƙabinsa El Chacal, wato dila, kuma duk wanda ya yi masa wannan suna ya san shi.

Abin da nake so ka tsaya a kansa shi ne yadda ake ƙirga maki a lokacin. Turmi huɗu ake yi, kowane minti biyu, 'yan wasa na sanye da hular kariya. Alƙalai biyar ne ke zaune, kowa da maɓallai biyu a gabansa, kuma naushi ba ya zama maki sai uku daga cikinsu sun danna a cikin daƙiƙa ɗaya. Naushin da ya girgiza mutum da wanda ya taɓa shi sarai a fili, maki ɗaya ne kowannensu. Wanda ya tashi a wannan tsari abu guda zai koya: ya kai naushi mai tsabta wanda alƙali zai gani, ya kauce kada a rama, da zarar ya shiga gaba da maki kuma ya rufe ƙofa har ƙararrawa ta kaɗa. Rigondeaux ya ƙware a wannan fiye da kowa a zamaninsa, kuma ba wanda ya taɓa ce masa dole ne 'yan kallo su ji daɗi, tun da ba tikitinsu ne ke ciyar da shi ba.

Sai aka zo gasar ƙasashen nahiyar Amurka a Rio de Janeiro a watan Yulin 2007. Shi da abokinsa Erislandy Lara ba su bayyana wajen awon nauyi ba, aka ce sun tsere da nufin tafiya Jamus su shiga damben kuɗi. Bayan 'yan kwanaki 'yan sandan Birazil suka same su, aka mayar da su gida, kuma ba a sake barin Rigondeaux ya yi wa ƙasarsa dambe ba. Haka ya zauna a Havana yana ɗan shekara 27, lokacin da jikin ɗan dambe ya fi kyau, Olamfik na Beijin a 2008 ya wuce shi, kuma a wannan shekara Kyuba ta dawo ba zinare ko ɗaya a dambe. A watan Fabrairun 2009 ya sake gudu ta Meziko ya isa Miyami, ya bar iyalinsa a baya. Ya yi wasansa na farko na kuɗi a watan Mayun wannan shekara, yana da shekara 28.

Idan zinarensa wasan yara ne, sai a gaya mana yadda aka yi a wasansa na bakwai kacal ya karɓi kambun riƙon ƙwarya na hukumar dambe ta WBA a kan Ricardo Córdoba a Nuwamban 2010, a na tara kuma ya kwantar da Rico Ramos a turmi na shida ya ɗauki kambun ajin masu nauyin fam 122. Amma hujjata babba ita ce daren 13 ga Afrilu, 2013, a zauren Radio City na New York. Abokin karawarsa Nonito Donaire ne na ƙasar Filifin, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan damben shekarar 2012, mai hagun da ta kwantar da manya, wanda ya haura shekara goma ba a doke shi ba. Rigondeaux, a wasansa na 12, ya sa shi naushin iska kusan dare guda. Ya faɗi sau ɗaya a turmi na goma, ya miƙe ya ci gaba da abin da yake yi, alƙalai uku kuma duk suka ba shi nasara: 114 da 113, 115 da 112, 116 da 111. A ganina na farkon nan ya yi wa Donaire kara.

Daga wannan dare ne matsalarsa ta fara, abin mamaki. Damben ƙwararru kasuwa ce kafin ya zama wasa. Gidan talabijin ne ke biya, shi kuma yana biya ne gwargwadon masu kallo, masu kallo kuwa musayar naushi suke so. Ko a dandalin dambenmu na gargajiya ka san yadda taro ke tashi ba daɗi in an yi turmi uku babu kisa. Mai shirya masa wasa da kansa, Bob Arum, ya fito ya ce duk lokacin da ya ambaci sunansa ga shugabannin tashar HBO sai su ji kamar za su yi amai. A watan Disamba na wannan shekara ya kara da Joseph Agbeko na Gana, tsohon zakaran duniya, a Atlantic City. Ya ci duk turmi goma sha biyun a katin kowane alƙali, jama'a kuwa suka riƙa zarewa tun kafin a ƙare. Wannan shi ne daren da kake nufi, kuma ka faɗi gaskiya.

Mutumin da doke shi ke da wuya, kuma karawa da shi ba ta kawo kuɗi, ba wanda zai neme shi. Leo Santa Cruz da Scott Quigg da Carl Frampton duk sun riƙe kambu a ajinsa a waɗannan shekaru, ba ɗaya da ya shiga fili da shi. Frampton, bayan ya doke Quigg a Manchester a farkon 2016, ya gwammace ya rasa kambun WBA ya hau aji na gaba. Ban zarge su ƙwarai ba, lissafin kasuwa suka yi. Shi kuma ya koma yawon neman abokin karawa a Makau da Osaka da Kadif, hukumar dambe ta WBO ma ta ƙwace kambunsa a 2015 saboda daɗewa bai yi wasa ba.

Sai dai ba zan wanke shi tas ba, domin yana da nasa laifin. Yana da naushin da zai iya gama wasa in ya so. Ya gama da Willie Casey a turmin farko a Dublin a 2011, ya karya wa Jazza Dickens muƙamuƙi a 2016, kuma a Osaka, a daren ƙarshe na 2014, bayan Hisashi Amagasa ya kai shi ƙasa sau biyu a turmi na bakwai, ya tashi ya kumbura masa fuska har aka tsayar da wasan bayan turmi na sha ɗaya. Sai an tilasta masa yake nuna wannan. In ba haka ba, da ya ga ya shiga gaba sai ya koma zagayen fili, kamar har yanzu alƙalan nan biyar ne ke zaune da maɓallansu. Hali zanen dutse. A watan Agustan 2021, a karawarsa da John Riel Casimero, su biyun naushi 91 kawai suka saukar a turmi goma sha biyu, kuma ya sha kaye. Wannan wasa ni ma ban iya kare shi ba.

Game da Lomachenko kuwa, ga abin da ya faru. A ranar 9 ga Disamba, 2017, a New York, aka haɗa mutum biyu da kowannensu ke da zinaren Olamfik biyu, karo na farko a tarihin damben kuɗi. Rigondeaux yana da shekara 37, ya tsallake aji biyu daga fam 122 zuwa 130, ya tari Lomachenko, wanda ƙaninsa ne da shekara bakwai kuma ya fi shi jiki. Lomachenko ya fi ƙarfinsa ta kowace fuska, bayan turmi na shida Rigondeaux ya ce hannunsa na hagu ya samu rauni, ya ƙi fitowa. Ra'ayina shi ne ya ga babu hanya ne, kuma wanda aka rena a kan kada ya sha duka a banza bai ga dalilin shan na sauran turmi shida ba. Kana da haƙƙin ka riƙe masa wannan. Amma ka lura da wanda ya doke shi: shi ma ɗan Olamfik ne, mai zinaren 2008 da 2012. Muhammad Ali da Joe Frazier da George Foreman da Anthony Joshua da Oleksandr Usyk duk ta wannan ƙofa suka shigo. Bambancin shi ne yawancinsu sun bar ta da ƙuruciya, ko kuma sun yarda su sauya salo don kasuwa, shi kuwa ya zo a makare kuma ya ƙi sauyawa.

Bayan wannan kaye ya sauka ajin fam 118 ya ci wani kambun WBA a kan Liborio Solís a Fabrairun 2020 yana da shekara 39. A 2022 tukunyar girki mai matse tururi ta fashe masa a fuska ta ƙona masa idanu, duk da haka ya dawo fili a 2023 ya yi nasara. A wannan shekara ta 2022 ne kuma Kyuba ta yarda 'yan dambenta su yi wasan kuɗi ba tare da sun gudu ba, shekara goma sha biyar bayan abin da ya same shi a Rio.

Roƙona gare ka, Malam, shi ne ka nemi bidiyon wasansa da Donaire ka kalla daga farko har ƙarshe, ka rage muryar masu sharhi, ka riƙa duban ƙafafunsa da inda yake ajiye kansa. Idan ka kai turmi na sha biyu, inda hagu ɗaya ta sa Donaire ya dafe idonsa na dama da safar hannu yana ja da baya, sai ka sake rubuto mini, mu ci gaba daga nan.

Wassalam.