Barka da Sallah daga Liyon, da maganar ƙurjin Baba

Assalamu alaikum Inna, Yaya da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana.

Nan Faransa yau ranar aiki ce kamar kullum. Ba a yanka a gida, sai a mayankar da hukuma ta yarda da ita, naman layya ya zo maka a leda, a yayyanke, da sanyinsa. Hankalina yana ƙofar gidanmu a Birni: an feɗe raguna, an banƙare su a sanduna kewaye da wuta, ana shafa musu ruwan gishiri, hayaƙi ya cika unguwa, Inna kuma tana suyar kayan ciki yara na zagaye ta. Wallahi ƙamshin nan kaɗai nake nema.

Yaya, na duba hoton ƙurjin da ke bayan kunnen Baba. Ƙullutun da ya yi shekaru shiru, sannan ya fara girma da sauri, yana jini yana ruwa, bai kamata a bar shi ba. Akwai sankarar da ke tasowa daga hanyoyin fitar zufa, likitoci na ce mata porokarsinoma. Ba ta da yawa, ta fi kama dattawa, a kai, wuya ko ƙafa, kuma takan ɓullo cikin tsohon ƙullutu marar illa. Ido ba ya rarrabe ta da sauran ƙuraje, sai awo.

Don Allah kada wanzami ya taɓa wurin, kada a yi sakiya ko a ƙona shi. Saman ne zai tafi, saiwar ta rage a ƙasa. Da an gama hidimar Sallah ku kai shi babban asibitin Damagaram, a yanko ɗan nama mai zurfi har ƙasan fata, don in saman fata kaɗai aka kankara ba lalle a ga cutar ba. A sa naman nan take cikin ruwan formol, ninki 10 na girmansa, ban da ruwa ko alkol, in ba haka ba ya lalace kafin a duba shi. Likita ya lalubi wuya da gaban kunne ko akwai kaluluwa, a yi eko, wato hoton na'ura mai duba cikin jiki, domin ta nan cutar take fara bazuwa: wajen mutum 1 cikin 5 takan kai kaluluwa. In awo ya tabbatar, maganinta tiyata ce, a cire ta haɗe da lafiyayyar fatar da ke kewaye, a sake auna gefen naman a ga ba saura. In an bar ko kaɗan, dawowa take yi. Idan aka ce sai gashi, wato kashe cutar da hasken na'ura, tun 2021 ana yi a cibiyar sankara ta Yamai. Ku adana kowace takarda, ku turo mini hotonta. Kuɗin mota da na awo suna wuyana.

A gaida Baba da kyau, a lallaɓa shi, kun san shi da asibiti. Gaisuwa ga Kawu da iyalinsa, da mutanen Zango. Gwaggo kuwa a ce mata kilishin da ta aiko ya ƙare tuntuni, ina kewar faɗanta da addu'arta, kuma ta daina zama kusa da hayaƙi saboda tarin nan. Auta, goron Sallarka na hannun Yaya, ka je ka karɓa yau. A gaida amarya, da maƙwabta baki ɗaya.

Naku,
ɗanku na Liyon