A Taimaka Mana Mu Adana Siffar 'Yan Lifida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana a kan wani aikin hannu da ba a san shi sosai a ƙasar nan ba. Waɗanda suka gan shi ma sukan ɗauke shi wasan yara. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Takai. Idan na taso daga makaranta, na leƙa gona na dawo, abin da nake zama a kansa shi ne gyara ƙananan sojoji na roba da na ƙarfe, in sāke musu kaya, in yi musu fenti, su koma mahayan ƙasar Hausa. Taimako nake nema, amma sai na fara bayyana abin tukuna.

Daga wajen sojoji abin ya samo asali. A shekarar 1824 wani matashin hafsa mai suna Reisswitz, a ƙasar Furusiya wadda daga baya ta jagoranci haɗa Jamus, ya nuna wa manyansa wani wasa da mahaifinsa ya fara ƙagowa. Ana shimfiɗa taswira, a jera ƙananan guntayen ƙarfe ja da shuɗi a matsayin rundunoni, ɓangarori biyu su kara, alƙali yana tsakani. Manyan suka ga horon yaƙi ne ba tare da zubar da jini ba, suka ba da umarni a koyar da shi a rundunoninsu. Daga baya farar hula suka ɗauka, guntayen ƙarfe suka koma ƙananan mutane da dawaki. Yau cibiyar sana'ar tana birnin Nottingham na Ingila, inda kamfanin Games Workshop yake, wanda aka kafa a 1975, ya fitar da wasan Warhammer a 1983. Nasu na dodanni ne da yaƙe-yaƙen tatsuniya, kuma ni ba su ne suka ja hankalina ba. Na tarihi nake so.

Yadda ake buga shi ba wuya. A kan teburi ake shirya filin daga, da tudu da rafi da ganuwa. Kowace ƙungiya tana da iyakar inci nawa za ta matsa idan layi ya zo kanta, a auna da tef ɗin tela. Doki ya fi dakare nisan tafiya, kibiya tana da inda take tsayawa, bindiga ta zarce ta. Wanda ya taso yana kallon dattawa suna dara a gindin bishiya ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai a dara kowane ɗa daidai yake da ɗan'uwansa, a nan kuwa kowa da makaminsa da ƙarfinsa.

Girman da aka fi yayi shi ne milimita 28, wato inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Ɗan yayana da ke karatu a Ingila shi ya fara kawo mini akwati biyu na kamfanin Perry Miniatures, ɗaya na mayaƙan Mahadi na Sudan, ɗaya na mahayan Turai na zamanin sulke. Babu ɗan lifida a ciki, babu dogari, babu mai kakaki. Wanda yake son su sai ya ƙera da hannunsa, kuma a nan daɗin aikin yake.

Ga yadda nake fitar da ɗan lifida. Ina ɗaukar dokin Bature in kankare sirdinsa da reza, domin sirdinmu yana da tudu gaba da baya, nasu kuwa na wannan akwatin wani fasali ne daban. Sai in ɗauki kan mayaƙin Sudan in ɗora a gangar mahayin. Gam kaɗai ba ya riƙe wuya ko hannu idan ana yawan ɗauka ana ajiyewa, saboda haka sai na huda ɓangarorin biyu da allura mai zafi, na sa guntuwar waya a tsakani, sannan na ɗiga gam. Mashin roba karyewa yake yi, don haka da wayar ƙarfe nake maye shi, in daddake bakinta da guduma ta yi faɗi, in goge da zarto. Masu wannan aiki a Turai suna da wani ƙullu mai launi biyu, shuɗi da rawaya, wanda idan aka murza su tare sai ya koma kore, ya ba ka lokacin sassaƙa kafin ya daskare. Yana da tsada, kuma ba ya iso mana. Abin da nake yi shi ne in jiƙa takarda mai laushi da farin gam ɗin kafinta da aka sirka da ruwa, in lulluɓe dokin daga ƙirji har gindi, hawa uku ko huɗu. Kafin ta bushe sai in bi ta da bakin allura ina dannawa layi-layi, a tsaye da a karkace, har ɗinkin lifidi ya fito. Lifidi na gaske tufa ce da aka cusa wa auduga ko audugar rimi aka ɗinke gida-gida, don kibiya ta maƙale a ciki kafin ta kai ga fata, kuma idan ɗinkin nan bai fito ba, dokin sai ya zama kamar an yafa masa bargo ne kawai. Rawani kuma da siririn zaren tsumma nake naɗa shi, naɗi na gaske, in bar amawali ya rufe baki da hanci.

Fenti shi ne mai cin haƙuri. Da farko sai an wanke abin da ruwan omo, domin akwai maiƙon da ke zuwa da shi daga masana'anta wanda ke hana fenti kamawa. Sannan a shafe shi duka da fentin shimfiɗa, baƙi ko fari. Bayan nan kowane sashe ya sami launinsa da fentin ruwa irin na masu zane, a sirka shi ya yi ruwa-ruwa, domin shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke cike ƙananan layukan da mutum ya sha wahalar fitarwa. Sai a tsarma launi mai duhu sosai a zuba, ya gangara ya kwanta cikin lunguna ya zama inuwa. A ƙarshe a tsoma burushi a launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa a hankali ta yadda tudun kawai zai taɓa. Da wannan dabarar sulke ke fitowa, zobe-zobe, a kan baƙar shimfiɗa.

Muna da matsalar da littattafan Turawa ba su yi maganarta ba, wato hunturu. Fenti yakan bushe a bakin burushi kafin ya kai ga doki, ƙura kuma ta manne a kan wanda bai bushe ba. Maganin na farko shi ne faranti da jiƙaƙƙen tsumma a ciki, a shimfiɗa takarda mai santsi a kai, a riƙa dama fentin a kanta. Maganin na biyu kuwa, kwano nake kifawa a kan duk wanda na gama. Da hantsi ranar Asabar na fi yin aiki, a zaure, don fitilar sola tana ɓata wa ido launi.

Abin da ya fi ba ni wahala, ya kuma fi faranta mini rai, shi ne rawani ɗan Kura. Wanda bai san shi ba zai shafa baƙi ya wuce. Amma ɗan Kura ba baƙi ba ne tsantsa. Shuni ne da aka rina aka sāke rinawa, aka buge a wajen mabuga har ya ɗauki ƙyalli, idan rana ta taɓa shi sai ka ga wani ja-ja mai duhu yana wulgawa a ciki. Sai na sa shuɗi mai duhu a ƙasa, na bi tudun naɗin da ɗan shunayya, sannan na ɗiga man ƙyalli a kan rawanin kaɗai. Haka dawakin ma. Ba na yarda su fito launi ɗaya: akwai akawal, akwai kili, akwai gunya, akwai hurde mai ɗigo-ɗigo, wanda sai da tsinken tsintsiya nake iya yi masa.

Na san tambayar da ke ran mai karatu, domin ita aka fara yi mini a gida: mene ne hukuncin wannan a addini? Tambaya ce mai nauyi, ban kuma ɗauke ta da wasa ba. Na kai ta gaban malamin da nake ɗaukar karatu a wajensa. Ya karanta mini hadisan da suka tsananta a kan sassaƙa siffar mai rai, ya kuma kawo wanda Abu Dawud ya ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani doki mai fikafikai a cikin kayan wasan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ya yi dariya bai hana ba. Ya ce malamai sun yi sauƙi a kan abin wasan yara da abin koyarwa, sun kuma yi saɓani a kan abin da ya wuce nan. Da wannan nake aiki. Ba na zana fuska, amawali da kwalkwali sun rufe ta. Ba na jera su a ɗaki don ado, a akwati suke sai ranar darasi. Ɗan lido da Turawa ke jefawa don yanke hukuncin karo kuwa na bar shi gaba ɗaya, saboda hanin da ya zo a hadisin Muslim. Barinsa bai rage wa wasan komai ba, don tun a 1876 wani babban hafsan Jamus ya kawo tsarin da alƙali ne kaɗai ke yanke hukunci da saninsa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma wanda malaminsa ya hana shi, ya bi malaminsa.

Amfanin da na gani a aji shi ya sa na dage. Yaran 'yan aji shida sun haddace cewa Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, amma a wajensu shekara ce kawai da ake rubutawa a jarrabawa. A kan teburin ofis na shirya musu karon Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada. Gefe guda mahayan Kano masu yawa, gefe guda sojojin Turawa da ba su kai 50 ba, sun yi sahu mai kusurwa huɗu, bindigogi na kallon kowace fuska. Da yaran suka auna da tef suka ga sau nawa bindiga za ta tashi kafin doki ya iso inda mashi zai yi aiki, ba sai na ƙara bayani ba. Wata yarinya ta tambaye ni, “Malam, to su ba su san haka ba ne?” Na ce mata sun sani, sun kuma hau. Daga nan muka shiga maganar Sarki Alu, da yaƙin basasa da ya ɓarke bayan rasuwar Sarki Bello a 1893, wanda Yusufawa, ɓangaren Sarki Alu, suka yi sansaninsa a nan Takai tamu, abin da yawancinsu ba su taɓa ji ba alhali a ƙasar suke kwana suke tashi. Na faɗa musu yaƙin 'yan'uwa ne, ba abin alfahari ba. Yanzu suna roƙona mu shirya na Haɗeja na 1906.

To ga inda nake neman taimako. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Sama da shekara 600 ke nan. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, mun kuma yi murna. Amma mai kallon hawa daga nesa ado yake gani. Wanda zai ƙera abu mai inci ɗaya dole ya san inda kowace igiya ta bi: ta ina ake ɗaure lifidi a ƙarƙashin cikin doki, yaya jalala ke zama a kan sirdi, ina mahayi ke rataye garkuwa idan ya zare takobi, mene ne bambancin kayan yaƙi na da da kayan hawa na yau. Wannan sanin yana kan tsofaffin dukawa da maɗinka da maƙera da barorin dawaki na fada, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu da nasa yake tafiya.

Ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka wajen irin waɗannan dattawa a Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, a ɗauki hoton kayan ta gaba da ta baya da ta ƙasa, a rubuta sunan kowane sashe kamar yadda suke kiransa, a buga. Ina roƙon masu kula da gidan tarihi na Gidan Makama su duba yiwuwar ware teburi guda inda 'yan makaranta za su ga filin daga a shirye. Matasanmu da suka iya zane a kwamfuta, suke da injin da ke fitar da siffa da roba, su ma ga aiki: idan suka zana ɗan lifida da dogari da mai kakaki daidai, malami a ƙauye ba sai ya jira wani ya dawo daga Ingila ba. Wanda kuma yake son farawa yau, ledar sojojin roba da dabbobi da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ta isa, sai dai robarsu mai laushi ce, a fara shafe ta da farin gam kafin fenti, in ba haka ba zai ɓare.

Duk mai tsohon hoto ko bayani a kan yadda ake ɗaure lifidi, ya taimaka ya aiko ta hannun wannan jarida, zai iso gare ni in Allah ya so.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare,
daga ƙasar Takai, Jihar Kano.