Kunyar tsayawa takara na cutar da mu a ƙungiyoyin sana'a na Legas

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a shafinka na wasiƙu in yi magana da 'yan uwana 'yan Arewa masu sana'a a nan Legas. Ni mai aikin lantarki ne, wayarin ɗin gidaje da haɗa sola nake yi, kuma na daɗe zaune a Agege. A zaɓen reshen ƙungiyarmu da ya wuce an saka ni cikin kwamitin zaɓe, kuma abin da na gani ne ya hana ni yin shiru. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, don ba tonon silili na zo yi ba.

Mako uku aka bayar na gabatar da 'yan takara. Fom ɗin takarda ɗaya ce tak. A rubuta sunan wanda ake so da kujerar da ake so ya hau, wanda ya gabatar da shi ya sa hannu, wanda ya mara masa baya ya sa hannu, sannan shi kansa ya sa nasa a ƙasa cewa ya yarda. Ban da kuɗin fom, sharaɗin kawai shi ne duk su ukun kada ƙungiya ta kasance tana bin su kuɗin shekara. Asabar uku na yi ina zaune a ofishinmu na Ikeja da akwati a gabana. Abokan aikinmu Yarabawa da Ibo suna zuwa bibbiyu, uku-uku, su cike su jefa, mu yi raha su tafi. Daga namu mutanen ko takarda ɗaya ba ta shigo ba. Amma ka leƙa zaurenmu na WhatsApp da daddare, kowa ya san wanda ya dace da ma'aji, kowa ya san wanda ba ya riƙe amana.

Akwai wani bawan Allah a cikinmu. Idan yaro ya faɗo daga tsani a wurin aiki, shi ke bin mu shago-shago yana tara kuɗin asibiti, kuma ya kawo lissafi a rubuce har da canjin da ya rage. Idan aka kama wani kan rigimar mita, shi ke kwana a caji ofis. Mun haɗu bayan sallar Juma'a ana saura kwana huɗu a rufe. Ɗan kwamiti ba ya yi wa kowa kamfe, don haka abin da na iya kawai shi ne na tuna masa ranar rufewa. Ya tsaya yana saka takalmi, ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ni da bakina zan ce a zaɓe ni? In jama'a na so na, ai sa kira ni." Jama'a kuwa suna son sa. Babu dai wanda ya kira shi, domin kowa na jiran wani ya fara.

Na san daga inda wannan kunya ta samo asali, kuma ba na raina ta. Tun muna makarantar allo muke jin hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi shugabanci. Malamai kuma sukan kawo aya ta 55 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa saboda shi mai tsarewa ne, masani. Ni ba malami ba ne, daidaita waɗannan na bar wa masu shi. Abin da nake cewa bai kai can ba. Fom ɗin nan ai ya riga ya raba gardama: ba kai ke neman kujera ba, wasu mutum biyu ke nema maka. Saboda haka ban ga laifin mutumin nan ba. Laifin na sauranmu ne da muke yabon sa a baki, amma ɗaukar biro ya gagare mu.

Ranar zaɓe kuma sai ga mu da yawa. Bas guda daga Mile 12, wasu daga Alaba Rago, wasu daga Idi-Araba. Ni ke riƙe da rajistar masu zaɓe a bakin ƙofa. Mutum ya faɗi sunansa, in bi da yatsa har ƙarshen shafi, babu. Bai biya kuɗin shekara ba kafin a rufe rajista. Wani ya zaro kuɗi daga aljihu nan take ya ce in karɓa, na ce doka ba ta ba ni dama ba. Nan aka fara cewa an yi mana wariya, har wani yaro da na koya wa haɗa inbata ya ce da ni aka haɗa baki. Ta yi mini zafi, amma na shanye. Waɗanda suka samu shiga kuwa, sai suka tarar babu sunan wanda suka zo dominsa a takardar ƙuri'a.

Kada a ce na wanke ƙungiyar. Sunayen masu zaɓe a allon ofis kaɗai aka manna, kwana uku kafin zaɓe, kamar wanda ke aiki a Ajah ko Ikorodu zai bar kwangila ya sha cunkoso don ya karanta allo. Kuɗin fom na kujerar shugaba kuma ya yi yawa ga aikin da ba albashi. Wanda ya zuba kuɗi masu yawa don ya yi aikin sa kai, to a ina yake sa ran fanshewa? Na faɗi haka a kwamiti, aka rinjaye ni.

Manyan ƙungiyoyi sun sha wannan gwagwarmaya kafin mu. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, da can wakilai ne ke zaɓen shugabanta. Daga 2016 aka koma kowane lauya ya jefa ƙuri'arsa ta intanet, kuma a wannan zaɓen ne A.B. Mahmoud na Kano ya yi nasara. A 2022 Yakubu Maikyau daga Kebbi ya hau. Wa'adinsu shekara biyu ne, kuma kujerar na zagayawa tsakanin Arewa da Gabas da Yamma. Ba a rasa ƙorafi ba, har kotu an je. Amma ka lura, su ma lauyan da bai biya kuɗin aikinsa na shekara kafin 31 ga Maris ba, ba ya cikin masu zaɓe. Lauyoyi ma da suka fi kowa iya musu, rasit ake tambayar su.

Sai maganar masalaha, wadda ita ce ta fi damu na. Mun saba dattawa su keɓe da dare, da safe a ce an daidaita, wane ya janye wa wane. Idan an yi ta a fili, a gaban waɗanda abin ya shafa, ba ni da ja. Amma sau da yawa masalaha rufa ce da ake lulluɓe mutum ɗaya ya shekara goma a kujera, babu takara, babu lissafi. Matasa su yi shiru don kada a ce ba su da kunya, daga baya su daina zuwa taro, su daina biyan kuɗi. Kuma abin dariya, duk masalahar a kan kujerar shugaba take ƙarewa. Sakatare, wanda ke rubuta bayanin taro da tura sanarwa da cinye katin wayarsa, babu mai rububin kujerarsa. Sai an yi ta roƙo.

Duk ƙungiyar da ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana da kundin tsarin mulki a rubuce, a ciki aka faɗi wa'adi da yadda ake zaɓe. Ni kaina sai da na shiga kwamiti na karanta namu, shafi kaɗan ne, a zama ɗaya na gama. A ciki na ga ashe mambobi na da ikon neman a gyara kuɗin fom a babban taron shekara, muddin sun rubuto da wuri. Shekara da shekaru muna gunaguni a kan abin da takarda ɗaya za ta iya tayarwa.

Na sanar da shugabanni ba zan sake zama a kwamitin zaɓe ba, don hannuna ya samu sakewa. Na biya kuɗina na bana, rasit ɗin na cikin aljihun motata. Idan aka buɗe karɓar sunaye, ni zan gabatar da mutumin nan a kujerar ma'aji, ko yana so ko yana noƙewa, sai na zaunar da shi ya sa hannu. Saura mutum ɗaya da zai mara mini baya, wanda ba a bin sa bashi. Har yau da nake rubuta wannan wasiƙa mutum shida na tambaya, biyar sun ce sai ƙarshen wata.

Na gode, Edita.

Mai karatunka,
daga Agege, Legas