Toka-toka ko ruwan madara? Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa,

Tambayar da kuka fi yi mana bana ita ce wane launin fenti ne ya fi dacewa da cikin ɗaki, toka-toka ko ruwan madara. Matasa da masu jeren amarya sun fi karkata ga toka-toka saboda shi ake yayi. Mu kuwa kafin mu ba da amsa sai mun tambayi girman tagar ɗakin.

Yawancin gidajen haya a Agege da Idi-Araba a manne suke da juna, taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabci ta tare ta. A irin wannan ɗaki toka-toka yakan dusashe, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da hadari ke rufe garin Legas. Sai ka shiga da azahar ka ga kamar magariba ta yi. Ruwan madara kuwa yana mayar da ɗan hasken da ya samu, ɗakin ya yi fili, kuma ba ya faɗa da kujeru masu ruwan ƙasa ko labule mai ruwan zinare. Idan ɗakinku irin wannan ne, shi muke ba ku shawara, kai tsaye.

Toka-toka yana da wurinsa. Falo mai manyan tagogi, farin tayil da farin silin, nan yake fitowa ras. Sai dai a duba ƙwan fitila: farin ƙwai yana fito da shi, mai hasken rawaya kuma yakan sa ya yi kamar ya yi datti.

Akwai abin da ya fi launi damunmu, wato laima. Bangon da ke tsotsar ruwa zai yi fumfuna ya kuma ɓare fentin, kowane launi aka shafa. A gyara yoyon tukuna. Sabon filasta kuma a ba shi kamar kwana 28 ya bushe. Gidan da ke da yara a sayi fenti mai santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ko da ya ɗan fi tsada.

Don Allah, Alhaji da Hajiya, kada a ɗauki bokitin lita 20 saboda hoton da aka gani a waya. Ku zo ku karɓi ɗan kaɗan na kowanne, a shafa kowanne hannu biyu, wato shafi biyu, gefe da gefe a bangon, a bari ya bushe, a duba da safe, a sake dubawa da dare bayan an kunna fitila. Wanda ya ɗauko hoton ɗakinsa da awon bangon za mu lissafa masa yawan fentin da zai ishe shi.

Allah ya sa albarka a gidajenku.

Naku,
Masu shagon fenti, Agege